Mu riƙe ruwa inda ya faɗi: jawabi kan ɗumamar yanayi da makomar Nijar



Iyayenmu sarakuna da masu gari, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata na jahar Maraɗi, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da kuka baro ayyukanku kuka zo. Lokacin zaɓe ne, kun ji jawabai da yawa, za ku kuma ji wasu. Yau muna son mu yi magana a kan abin da duk wanda ya hau mulki zai iske yana jiransa bakin ƙofa, wato ruwan sama da yadda halinsa ya sake.

Ku riƙe shekaru biyu a ranku. A watan Yuni na 1985, kogin Isa ya daina gudu a Yamai. A watan Satumba na 2020, wannan kogi dai ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna shi. A santimita 620 ne ake shelar babban haɗari. Ruwa ya fasa shingen Lamorde, ya shiga gidajen mutane, ya cinye gonakin shinkafa na Saga. A faɗin ƙasa, alƙaluman hukuma sun nuna mutum fiye da 60 sun rasu, gidaje fiye da dubu 30 sun faɗi, ambaliya ta shafi mutum fiye da dubu 500. Jaharmu tana sahun gaba cikin waɗanda suka yi asara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri.

Dattawan da ke zaune nan sun ga farin 1973. Sun ga yunwar 1984. Mu na baya mun ga 2005 da 2010, lokacin da tiyar hatsi ta gagari talaka, bisashe suka riƙa faɗuwa bakin hanya. Duk rayuwarmu an koya mana tsoron fari. Yanzu ga shi muna roƙon ruwa a watan Yuni, a watan Agusta kuma muna kwana a tsaye don tsoron kada gina ta faɗa wa ɗiyanmu. Mi ya kawo haka?

Masana suna kiran abin ɗumamar yanayi. Duk lokacin da aka ƙona isansi, ko gazuwal, ko gas, ko gawayin ƙasa, wata iska da ake kira iskar kabon tana tashi sama. Ba a ganinta, ba ta kuma watsewa da wuri. Tana taruwa ta hana zafin da ƙasa ta ɗauka daga rana komawa sama, kamar ɗakin kwano da aka rufe wa taga a bazara. Yawan wannan iska ya ƙaru da kusan rabi tun da aka fara manyan masana'antu a Turai, zafin duniya kuma ya hau da fiye da digiri 1. Wani zai ce, digiri 1 har wani abu ne? Ga abin da yake yi. Duk ƙarin digiri 1, iska tana iya ɗaukar tururin ruwa da ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Hadari yana haɗuwa da nauyin da ya fi na da, in ya tashi zubarwa sai ya juye shi gaba ɗaya.

Mu kuma muna bakin Sahara, Sahara kuwa tana ƙara zafi. Zafinta ne ke ƙara wa hadarin da ke taso mana daga gabas ƙarfi. Wani bincike da aka fitar a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982, ya nuna manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a yankin Sahel. Ke nan ruwa ya dawo bayan shekarun fari, amma ya dawo da wani hali. Yana zuwa cikin kwanaki kaɗan, da ƙarfi mai yawa, tsakaninsu kuma sai a yi dogon tsayi.

Manomi bai buƙatar a karanta masa wannan a takarda. Ruwan farko ya faɗi, an yi shuka, hatsi ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana goma sha biyar ko ashirin. Shuka ta ƙone, a sake neman iri. Wani ya sake sau biyu, wani sau uku, irin da ya ɓoye ya ƙare, ya shiga bashi tun damana ba ta yi nisa ba. Can kuma ruwan kwana guda ya zo ya kwashe taki da ƙasar sama ya kai ƙorama. Shi kansa zafin yana rage amfani, don hatsi da dawa ba sa cika ido yadda ya kamata in zafi ya yi yawa lokacin da suke fid da kai. Wani binciken na 2019 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar yanayi ta rage wa Afirka ta Yamma kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na hatsinta, da kashi 5 zuwa 15 na dawarta. Ku auna da damma. Gonar da ya kamata ta ba da dami 50 ta tsaya a 40 ko 45. Wannan ragin shi ne cimakar watan Yuli da Agusta, watannin da rumbu yake fanko. A ƙasar da kusan mutum 8 cikin 10 suke rayuwa da noma da kiwo, wannan magana ce ta kowa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba duka laifin yake wuyan sama ba. Ruwan da ya faɗi kan ƙasa mai itatuwa da ciyawa yana tsayawa ya nutse. Wanda ya faɗi kan fako gudu yake yi. A 1960 ba mu fi miliyan 3 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta ba da miliyan 17, a 2020 mun haura miliyan 22. An daina barin gona ta huta, an sare daji don itacen girki, ƙasa ta tsiraita. Shi ya sa kogin Sirba, wanda ke fitowa daga Burkina Faso ya faɗa cikin Isa kafin a kai Yamai, yake kawo jan ruwa mai yawa a Agusta da Satumba fiye da yadda yake kawowa a da. Ƙoramu kuma suna tura rairayi cikin kogi, cikinsa yana cikewa, ruwa ya rasa wurin zama sai gidajen mutane. A birane, an yanka filayen gini a kan hanyar ruwa, magudanai sun toshe da leda da shara. Mafi yawan gidajenmu na ƙasa ne, in ruwa ya kwana a gindin gina, shi ke nan. An ga haka a Agadas a Satumba 2009, da ruwan Telwa ya fasa shinge ya shiga gari cikin dare. An gani a Difa a 2019, da Komadugu ta cika ta shanye gonakin tattasai. Yamai ta gani a 2010 da 2012 da 2019 kafin na 2020.

Abin bai tsaya kan gona da gina ba, yana shiga cikin zaman jama'a. In ciyawa ta yi ƙaranci a arewa, makiyayi yana gangarowa kudu da wuri, tun manomi bai kwashe amfaninsa ba. Manomin kuma, da gonarsa ta daina isarsa, ya ci burtali, ya noma bakin tabki. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da wuce ta. Mutanen wannan jaha ba su manta da Toda ba, inda aka rasa rayuka fiye da 100 a 1991. Ba ma fatan Allah ya maimaita mana. Manomi da makiyayi ƴan uwan juna ne, matsi ɗaya ne yake tura su.

In damana ta ƙi, gari yana watsewa. Samari su tafi bida Najeriya, Libiya, Aljeriya, Abijan. A da bayan kaka ake tafiya a dawo kafin shuka, yanzu wasu sai su shekara biyu ba a gan su ba, aiki duka ya koma kan mata da tsofaffi. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance, a jahar Damagaram. Uwar da rumbunta yake cike ba ta ɗaukar goyo ta shiga Sahara. Bayan ambaliya kuma ga ruwa kwance ko'ina, sauro ya yi yawa, masassara ta cika likita da yara. Rijiyoyi su haɗu da ruwan masai, kamar yadda cutar amai da gudawa ta ɓarke a Madarunfa a 2018. Waɗanda gidajensu suka faɗi a tsugunar da su cikin azuzuwan lakkol, karatun yara ya tsaya.

To, wa ya hura wannan wuta? Ɗan Nijar guda, in an raba, bai fitar da abin da ya fi kilo 100 na iskar kabon a shekara daga man da yake ƙonawa. Bafaranshe yana fitar da kusan tan 5, Ba'amurke kusan tan 15. Abin da Ba'amurke guda yake fitarwa a shekara ya fi na ƴan Nijar 100. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manyan ƙasashe sun san da haka. A 2009, a birnin Kwafanhagan, sun yi alkawarin tara dalar Amurka miliyar 100 kowace shekara kafin 2020 don taimakon ƙasashe irin namu. A Disamba 2015, a birnin Faris, duniya ta amince a tsayar da ƙarin zafi ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a digiri 1 da rabi. Nijar ta sa hannu. A Fabrairu 2019, ƙasashe 17 na Sahel sun taru a Yamai suka amince da shirin kusan dalar Amurka miliyar 400 zuwa shekarar 2030. Ga kuma shirin babbar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Satumban 2020 ya ce abin da aka gyara bai wuce kashi 4 cikin 100 na abin da aka yi niyya ba. Haƙƙinmu ne mu nemi waɗannan kuɗi, don diyyar ɓarna ce. Amma taro da sa hannu ba sa tsayar da ruwan ƙorama. Mai gonar da ruwa ya yanka gida biyu yana da damar ya tambaya, cikin waɗannan miliyoyi nawa ne ya iso gonarsa?

Wasu za su ce ruwa na Allah ne, ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, ba mu musu. Amma malamanmu da ke nan sun fi mu sanin labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda aka sanar da shi yunwa tana tafe, ya tara hatsi tun shekarun yalwa. Mu ma ana sanar da mu. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa tun 1974 bayan babban fari. Ita da ma'aikatan hasashen yanayi suna fitar da bayani kowace shekara kafin shuka. Na 2020 ya faɗa tun damana ba ta faɗi ba cewa ruwa zai yi yawa, koguna za su cika. Waɗanda ke riƙe da ƙasar nan a 2020 su ya kamata su gaya wa jama'a abin da aka yi tsakanin ranar da gargaɗi ya fito da ranar da shinge ya fashe. Unguwannin da ruwa ya ci a 2012 su ya sake ci a 2020. Buhun shinkafa da tabarma bayan gida ya faɗi taimako ne, mun gode wa duk wanda ya kawo. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kansa garin Maraɗi shaida ne. Da gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, kan tudu aka maido shi, shi ya sa muke tsaye a nan yau.

Akwai kuma labari mai daɗi, kuma daga gonakinku ya fito. Bayan yunwar 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka fara abin da muke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a gyara su, a tsare su. Gawo, kalgo, sabara, aduwa suka dawo cikin gonaki. Kun san gawo, yana zubar da ganye da damana bai tare wa hatsi rana, da rani ya ba bisashe ƴaƴa, ƙarƙashinsa kuma nan ne hatsi ya fi kyau. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, da ƙarin hatsi kusan tan dubu 500 a shekara. Daga ƙasashe da dama ana zuwa Ɗan Saga, cikin yankin Agye, don a koyi wannan aiki. Abin ya bunƙasa ne ranar da manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba wanda zai ci shi tara don ya sassabe reshe.

A jahar Tawa ma haka. A Keita, tun 1984, jama'a, mafi yawansu mata, suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su kan tuddai don rage gudun ruwa. A Illela da Badagishiri manoma suka haƙa tassa da rabin wata a kan fakon da kowa ya fid da rai da shi, suka zuba taki, fako ya koma gona har ana sayensa da kuɗi. A fadamar Majiya an dasa layukan dogon yaro tun 1975 suna tare iska. Inda aka yi ƙananan madatsu cikin ƙorama, ruwa yana bazuwa ya nutse, rijiya ta matso sama, mata da samari su kafa garka su yi albasa da tumatir da rani. Duk waɗannan ayyuka hikimarsu guda ce, a riƙe ruwa inda ya faɗi. Ruwan da ya nutse a gonar tudu, shi ne bai je ya rushe gida a kwari ba, shi ne kuma za a ɗebo a rijiya a watan Afrilu. Maganin fari da maganin ambaliya aiki ɗaya ne. Za ku ji ana cewa madatsar Kandaji za ta warware komi. An aza tubalinta a 2008, an sake ɗaukar aikin a 2019, muna fatan a gama ta don wuta da noman rani. Amma ku sani Sirba tana shiga kogi ne bayan an wuce Kandaji, jan ruwanta ba zai bi ta madatsar ba. Sai an gyara ƙasar da yake gangarowa daga kanta.

Don haka, ƴan uwa, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, na gari ne, na majalisar dokoki ne, na shugaban ƙasa ne, har da namu ƴan takarar, ku zaunar da shi ku yi masa tambayoyi biyar.

Ta ɗaya, hekta nawa na fako za a gyara a ƙaramar hukumarmu kowace shekara, nawa za a biya samarin da za su haƙa tassa da rabin wata da rani, a wane wata kuɗin zai fito? Saurayin da ya sami aiki a garinsu tsakanin Janairu da Mayu bai tafiya bida.

Ta biyu, yaushe iri mai saurin nuna zai iso ƙauye? Cibiyar INRAN da ta ICRISAT da ke Sadore sun fitar da irin hatsi mai nuna da wuri, kamar HKP. Irin da ya iso a watan Yuli ba shi da amfani, a watan Mayu muke sonsa. Hasashen damana kuma a faɗe shi a rediyon gari da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, tun manomi bai fid da iri daga rumbu ba.

Ta uku, wa zai yashe magudanai kafin ruwan farko, wa zai duba shingaye ya liƙe inda suka tsage, wa zai hana yanka fili a kan hanyar ruwa? Waɗanda ke zaune a kwari kuma, ina filin tudu da za a ba su, da rijiya da lakkol da likita, don kada talauci ya maida su inda suka baro?

Ta huɗu, tan nawa ne a rumbunan OPVN da rumbunan tsimi na ƙauyuka, yaushe za a fara saida hatsi da rahusa, wa zai liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar magajin gari don kowa ya gani?

Ta biyar, yaushe za a shata burtali da makiyaya da mashaya, a kafa musu alama, a ba kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada kayan aiki, don a raba gardama tun tana bakin gona?

Wanda ya amsa muku da adadi da wata da sunan wuri, ku riƙe maganarsa, ku rubuta ta, ku tuna masa da ita in ya hau. Wanda ya amsa da turmin zane da jika biyu, ku tuna zane zai tsufa kafin damana ta zagayo, ruwa kuwa zai dawo. Masana sun ce zafi zai ci gaba da hawa a shekarun da ke tafe, ko da manyan ƙasashe sun fara rage hayaƙinsu yau. Yaron da ke goye a bayan uwarsa a wannan fili zai yi noma a ƙasar da ta fi wannan zafi. Abin da ke hannunmu shi ne irin gonar da za mu bar masa, mai gawo da tassa ko fako tsirara.

 Ku adana katinku, ku fito da wuri, iyayenmu mata kada a bar ku a baya, don ku kuka fi sanin nisan rijiya da tsadar itace. Ku yi zaɓe cikin lumana, ku koma gida cikin lumana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga fari da ambaliya, ya zaunar da Nijar lafiya.